Me ya sa aka zura wa matata tiyo a maƙogwaro, ɗana kuma ba a yi masa ba?

Tambaya daga wani magidanci a Tawa: An yi wa maiɗakina aikin ciro jariri cikin gaggawa, aka sa ta barci. Ta farka maƙogwaro na ciwo, wai an zura mata tiyo. Ɗana kuwa da aka ɗora masa karaya bara, abin rufe hanci da baki kawai aka sa masa. Ko jikinta ne ya yi tsanani aka ɓoye mini?

Amsa daga mai ba da maganin barcin tiyata: Malam, Allah ya raya, ya ƙara mata lafiya. Tiyon nan kariya ce aka yi mata, kuma da ni ne a wurin, abin da zan yi ke nan.

Maganin barcin tiyata yana sakin naman jiki, harshe ya koma baya ya tare hanya, numfashi ya raunana. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa, shi ya sa kafin barci muke ba da zallarsa kamar minti 3, huhu ya yi guzuri.

Abin rufe fuska ya wadatar ga gajeren aiki, in ciki babu abinci. Sai dai hannuna ba ya barin haɓar yaron, idona na kan ƙirjinsa da ɗan matsin da ke yatsarsa mai auna oksijin. Akwai kuma wata roba mai kama da cokali da ke zama a bakin maƙogwaro, wadda likitan Ingila Archie Brain ya ƙirƙiro. Tana da sauƙin sawa, amma ba ta tare amai sosai.

Aman nan shi ne abin tsoronmu ga mai naƙuda. Abinci yana daɗewa a tumbinta, mahaifa ta turo shi sama, ga oksijin ɗinta yana saurin faɗuwa don jiki biyu take ciyarwa. Ruwan ciki mai tsami in ya gangara huhu yana iya kisa. Tiyo yana shiga har cikin hanyar iska, muna hura ɗan balan-balan da ke jikinsa ya toshe gefe, babu abin da zai zurara. Aikin hanji, dogon aiki, da wanda za a kifar da mutum rub da ciki, duk tiyo muke sawa.

Saboda haka muke cewa a bar abinci awa 6, ruwa zalla awa 2 kafin tiyata. Fura ma abinci ce, don Allah in an sha a faɗa mana.

Ciwon maƙogwaron yakan wuce cikin kwana biyu zuwa uku. In dishewar murya ta haura mako, a kai ta a duba. In tari da zazzaɓi ko sarƙewar numfashi suka biyo baya, a maido ta asibiti a ranar.