Baƙin Hayaƙi Buntu Ne da Bai Ƙone Ba

Sani, jiya muna kwashe toka ka ce mini: "Oga, ana ta cewa mun rage gurɓata iska tunda muka bar dizal muka koma buntu. To ai buntun ma hayaƙi yake yi, wani lokacin har ya fi. Ina ribar?" Ban amsa maka ba saboda gejin tururi na hawa, hankalina na kan boila, tukunyar da ke ba mu tururin turara shinkafa. Yanzu jawo benci ka zauna.

Gaskiyarka, buntu na hayaƙi. Abin dubawa shi ne daga ina kabon da ke cikin hayaƙin ya fito. Shinkafar da aka noma a Kura ko Garun Malam, a watannin da ta yi a gona ta zuƙi kabon daga iska ta gina jikinta da shi. Idan muka ƙona buntunta, aron da ta ci muka mayar, shukar baɗi kuma ta sake ɗauka. Shi kuwa dizal daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi, kowace lita da ta ƙone sai ta ƙara wa iska wajen kilo 2.7 na iskar kabon wadda da tana binne. Sannan buntun nan ko ba mu zuba shi a boila ba, ƙonewa zai yi. Ka sha ganin tsibin da ake jibgewa bayan injinan gyaran shinkafa, wuta na cin sa ta ciki mako da makonni, yaran unguwa na tari, kuma ko ruwan shayi ba a dafa da zafin ba.

Yi lissafi da kanka. Shanshera kilo 100 tana ba da buntu wajen kilo 20, kuma kilo 3 na busasshen buntu zafinsa ya kai na litar dizal guda. Makamashin turara shinkafa yana zuwa ne cikin buhunta. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2008 kamfanin Husk Power Systems ya fara ba ƙauyuka lantarki da buntu. Da Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita kabon da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060, ni abin da na fahimta ke nan: a bakin murhu irin namu za a cika alkawarin ko a saɓa shi.

Amma duk wannan riba tana hannun mai ba wuta. Shi ya sa nake damun ka da ɗaga kai ka dubi bututu. In ka ga hayaƙi baƙi ƙirin, buntu ne ya fita bai ƙone ba: ko ka ɗura shi da yawa lokaci guda, ko iska ta yi kaɗan, ko jiƙaƙƙe ne. In kuma ka buɗe wa fanka duka don hayaƙin ya washe, iska mai sanyi za ta kwashe zafin ta fice da shi, geji ya sauka. Tsakiya ake nema, hayaƙi siriri mai ruwan toka wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi. Kaɗan-kaɗan ake ba wuta, ba a bari ta yi yunwa, ba a shaƙe ta.

Ina kamar shekarunka, wata damina na bar buntu a fili ruwa ya dake shi. Da asuba na yi ta ɗurawa, wutar na huci kawai, tururi ya ƙi kai wa. Shinkafar da muka turara ranar duk ta fito da fari a tsakiyar ƙwaya, da aka sa ta a inji ta kakkarye. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya damƙo shinkafar ya zuba mini a tafin hannu ya ce in ƙirga masu rai. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen buntu sai gabana ya faɗi, domin gumin manomi ne na ɓata.

Sai toka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntu toka yake zama, kuma yawancinta sinadarin yashi ne, shi ya sa take cin ƙarfe tana toshe raga. Kada ka bar ta ta kwana. Launinta ma shaida ne a kanka: fara-fara tana nufin wuta ta ci sosai, irinta ce ake iya haɗawa da siminti; baƙa kuwa gawayi ne ka zubar.

Gobe in Allah Ya kai mu ka riga ni zuwa. Ka rufe buntun da tamfol, ka bi bututun tururi da ido da kunne tun daga boila har tankin jiƙo. Duk inda rufin ya yage ko ka ji yana tsiyaya, yi masa alama da alli, in na iso mu naɗe shi tare kafin a kunna wuta.