Hukuncin ajiye maganin asibiti don bin tsarin naturofati

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifiyata ta shekara 11 tana fama da ciwon suga, shekara 3 ke nan tana allurar insulin. Wani mutum da ya ce ya karanci naturofati ta intanet ya gaya mata cewa jiki shi ke warkar da kansa, maganin asibiti kuma guba ne. Ya ce ta ajiye allurar, ta yi kwana 7 ba ta cin komai sai ruwa da jiƙon ganyayyaki, wai wannan shi ne ainihin maganin Musulunci. Hajiya ta gamsu, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ya halatta ta bi shi? Idan na hana ta, na saɓa mata?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya yi miki albarka. Zan fara da abin gaggawa: bai halatta ta ajiye allurar nan bisa maganar wannan mutumin ba, kuma hana ta da za ki yi yana cikin biyayyar iyaye.

Naturofati tsari ne da ya taso a Turai da Amurka. Wani limamin Katolika na ƙasar Jamus, Sebastian Kneipp, wanda ya rasu a 1897, ya shahara da yi wa mutane magani da ruwan sanyi da ganye da tafiya ba takalmi. Almajirinsa Benedict Lust ya kai tsarin birnin New York, ya buɗe masa makaranta a farkon ƙarni na 20. Daga baya ya samu gindin zama a Indiya, inda Gandhi ya rungume shi. Saboda haka faɗin cewa shi ne maganin Musulunci kuskure ne a tarihi. Fitowarsa daga hannun waɗanda ba Musulmi ba kuwa ba ta haramta shi, domin Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora a hanyar Hijira alhali bai musulunta ba, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Abin dubawa shi ne me tsarin ya ƙunsa.

Ginshiƙinsa shi ne cewa akwai wani ƙarfi a ɗabi'a da ke warkarwa, aikin mai magani kawai ya kawar da abin da ya tare masa hanya. Idan ana nufin Allah ya halicci jiki da tsarin da rauni ke haɗewa, ƙashi ya ɗoru, jini ya yaƙi ƙwayar cuta, wannan gaskiya ce da ido ke gani, kuma aya ce daga ayoyin Allah. Idan kuwa ana nufin ɗabi'a ce ke warkarwa da kanta, ba da ikon Mahaliccinta ba, wannan ya ci karo da tauhidi. Annabi Ibrahim (AS) ya ce: "Kuma idan na yi rashin lafiya, to Shi ne ke warkar da ni" (Shu'ara'i: 80). Hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke Bukhari da Muslim ya raba tsakanin wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Ruwan ɗaya ne, jingina shi ne ya bambanta. Ba na zargin mai maganin nan da wannan aƙida, galibin masu maimaita kalmar ba su ma san tushenta ba, amma Musulmi ya gyara lafazinsa.

A aikace, da yawa daga abin da suke kira gare shi alheri ne: rage ci, motsa jiki, isasshen barci, barin taba, rage zaƙi da maiƙo. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya riga su, inda aka kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Likitan Hajiya ma abin da yake gaya mata ke nan. Wannan ɓangaren halal ne, abin so ne.

Inda nake so ki tsaya ki fahimta sosai shi ne rabon da suke yi, wai na ɗabi'a lafiya ne, na asibiti guba. Shari'a ba ta san wannan rabon ba. Zaƙami tsiro ne, kowa ya san abin da yake yi wa hankali. Rogo mai ɗaci daga ƙasa yake fitowa, yana kisa idan ba a gyara shi ba. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha haɗin ganye na rage ƙiba. A ɗaya ɓangaren, kinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace aka samo shi, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau tushensa wani tsiro ne na ƙasar Sin, wanda a kansa aka ba masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Insulin ɗin da ake cewa guba kuwa, sinadari ne da Allah ya halitta a jikin kowane ɗan Adam, na Hajiya ne ya gaza ake cike mata. Ma'aunin shari'a yana cikin hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim: "Kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah." Ki lura da kalmar dacewa. Malamai sun ce sababi yana tabbata ne ko dai da nassi ko da gwaji bayyananne. Zuma da habbatus sauda nassi ya zo da su, mun yi imani da shi, amma nassin bai ce a jefar da sauran magunguna ba, kuma sanin awo da lokaci da irin cutar aikin masana ne.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko lalacewar wata gaɓa, ko nakasa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce. Mai ciwon suga da ya kai matakin allura yana cikin wannan hukuncin. Idan ya daina, sugan na iya hawa har ya suma, a hankali kuma ido da ƙoda da ƙafa su taɓu. Idan ya ci gaba da allurar kuma ya ƙi cin abinci, sugan na iya faɗuwa ya kashe shi cikin sa'o'i. Allah ya ce: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka" (Baƙara: 195), Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta babu cutarwa. Kwana 7 da ruwa da jiƙo zalla ba shi ne azumin shari'a ba. Azumin Ramadan ma, da yake farilla, Allah ya sauƙaƙa wa mara lafiya shi, kuma an hana mu yin ɗore ba buɗa baki. Ta yaya za a ɗora wa tsohuwa abin da ya fi farilla tsanani a kira shi sunna?

Shi kuma mai maganin, ya ji tsoron Allah. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamuni. Ma'ana, duk abin da ya salwanta ta hannunsa, rai ko gaɓa, diyya tana kansa. Takardar 'yan watanni ta intanet ba ta mai da mutum masanin ciwon suga. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin na sha ganin an kai mutum asibiti bayan ƙafa ta riga ta ruɓe, an ɓata watanni ana jiƙe-jiƙe, kuma da sunan addini aka yaudare shi.

Game da Hajiya, kada ki ɗaga mata murya, kada ki nuna mata ta yi wauta. Wanda ya shekara 3 yana soka wa kansa allura dole ya gaji, duk wanda ya ce masa ga hutu zai saurare shi. Ki lallaɓa ta, ki nemi wanda take jin nauyinsa cikin 'yan'uwanta ko limamin unguwa ya sa baki. Ki raka ta wurin likitanta, ku tafi da ganyayyakin da aka ba ta a nuna masa, domin wasu irin su hulɓa suna iya sauke suga, haɗa su da allura ba da saninsa ba hatsari ne. Abin da ya ce ba ya cutarwa ta ci gaba da sha, ta gyara cimarta, ta riƙa ɗan tattaki, ta yi wa kanta tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi. Idan awo ya nuna sauƙi, likitan ne zai rage allurar da kansa. In kuma ta riga ta daina, kada ku jira gobe, ku kai ta a auna sugan yau.

Wallahu a'alam.