Wa ke tsara manufar harshe: masana ko gwamnati?

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Yau a ce mu koyar da harshen uwa, gobe a ce an soke. Ana jin shawarar masana kuwa?

Amsa: Malam, ana neman shawararsu, amma yanke hukunci da fitar da kuɗi na gwamnati ne.

Abin da masana ke kawowa gaban gwamnati shi ne hujja. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa darasi ne kawai. Yaran sun yi kyau, ko a Turancin ba a bar su a baya ba. Duk da haka manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 shekarun farko na firamare kawai ta ba harshen uwa. Sai a 2022 aka amince da shekara shida, a 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar komawa Turanci, yana cewa koyarwa da harshen uwa ce ta jawo faɗuwar jarrabawa.

Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakanin takarda da allo. A Ife an rubuta littattafai, an ƙirƙiri kalmomin lissafi da kimiyya, an kuma horar da malamai domin gwajin. Manufar ƙasa kuwa sanarwa take fara fitowa, kayan aiki su biyo baya, ko ma kada su zo. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa (NERDC) da Jami'ar Bayero sun yi aikin keɓaɓɓun kalmomi, amma malamin aji huɗu da bai taɓa ganin kundin ba dole ya ƙirƙiro nasa, na makarantar gaba ma haka. Ga littafin da aka buga babu ƙugiya: yaro ya ga "kasa", bai san ko ƙasa ake nufi ba, ko kasawa. Ga malamin da aka tura garin da ba ya jin harshensu. Jarrabawa kuma da Turanci ake yin ta, shi ya sa iyaye ke ɗari-ɗari, kuma suna da gaskiya.

A ganina, bai dace a ɗora faɗuwar jarrabawa kan tsarin da bai kai yawancin azuzuwa ba. Da za a bi mataki, sai a ƙidaya harshen ɗalibai da na malamai a kowace makaranta, a tanadi littafin aji ɗaya, a fara da shi, kowace shekara a ƙara aji guda, ana auna karatun yaran a ƙarshen kowane zango.