Yadda za a fahimtar da yara magangarar ruwan Burney

Malama, kin ce ɗalibanki sun ga hoton magangarar ruwan Burney a gandun shaƙatawa na McArthur-Burney, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, suka tambaye ki: me ya sa ba ta ƙafewa da rani, alhali rafin da ke samanta yakan bushe?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Yankin baƙin dutse ne da aman wuta ya bari, cike da tsaga da ƙananan ramuka. Ruwan sama da ƙanƙarar da ta narke suna nutsewa ciki, su yi ta tafiya a ɓoye, sannan su ɓuɓɓugo. Wani ruwan yana fitowa kusa da bakin gangaren ya faɗo daga tsawon kusan mita 39, wani kuma yana tsattsafowa daga tsakiyar jikin dutsen. Wannan na biyun ne ya fi burge yara. Ki jiƙa soso, ki ɗora shi a kan faranti mai karkata, su ga yana ɗiga a hankali bayan kin daina zuba ruwa. Sun gane kenan.

Kada dai a bar su da tunanin dutse ne ke ƙirƙirar ruwa, ajiyarsa kawai yake yi. Kuma ganin ruwan da tsabta a ido ba ya nufin a sha.

In za ku je, ki tuntuɓi ma'aikatan gandun kan hanyoyin da aka buɗe, don duwatsun gindin magangarar suna da santsi, ruwan kuma sanyi ƙarara ne.