Amsar Baba Fasto kan shirya wa'azi da waya

Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Na ji tambayar da ɗanmu mai bishara ya turo jiya da dare, ko laifi ne mutum ya shirya wa'azi da manhajojin waya, tunda wani dattijo ya ce masa wai hakan raina Ruhu Mai Tsarki ne. Ɗana, ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, muna wurin jana'iza.

To, ni dai ban ga laifi ba. Lokacin da muke makarantar Baibul, littafin nan na Strong mai lambobin kalmomin Ibrananci da Girkanci, wanda ya fito tun 1890, guda ɗaya ne a laburare, layi muke bi. Yau ga shi kyauta a cikin manhajojin Blue Letter Bible da Bible Hub. Ga YouVersion, akwai fassarar Hausa a ciki, har da Sabon Rai Don Kowa. Ka sauke su a wayarka ranar da ka shigo gari, domin a ƙauyen da kake aiki na san sabis sai an hau tudu.

Amma bari in gaya maka abin da ya taɓa faruwa da ni, ka ji inda hatsarin yake. Ina shirya wa'azi kan Yahaya 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa. Na danna kalmar ƙauna a manhajar don in ga yadda take a Girkanci, sai na ga a tambaya ta farko da ta biyu Yesu ya yi amfani da agapao, Bitrus kuwa yana amsawa da fileo. Murna ta kama ni. Na ce shi ke nan, agapao ƙaunar Allah ce, fileo son abota ne kawai, har na rubuta shafi biyu a kai. Daren Asabar sai zuciyata ta ce in duba sauran wuraren da kalmomin suka fito. Ka san me na gani? A Yahaya 3:35 Uba yana ƙaunar Ɗan, agapao. A Yahaya 5:20 Uba yana ƙaunar Ɗan, fileo. Marubuci ɗaya, magana ɗaya. Sannan a 2 Timoti 4:10, Dimas da ya yashe Bulus saboda ƙaunar duniyar nan, kalmar agapao ce. Jikina ya yi sanyi. Da na tsaya a dannawa ta farko, da na koya wa jama'ar Allah abin da nassin bai faɗa ba, kuma da ƙarfin murya. Na yaga shafukan nan, na koma kan abin da ke fili: mutumin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, an tambaye shi sau uku, an kuma danƙa masa tumaki.

Shi ya sa nake roƙonka, ka fara karanta surar gaba ɗaya da Hausa, sau uku ko huɗu, da addu'a, da biro a hannu, kafin ka buɗe kowace manhaja.

Batun ChatGPT da ire-irensa kuma, zai iya taimaka maka ka tsara tunani, amma yakan kawo aya da lambar da ba tata ba, ko ya jingina wa wani malami maganar da bai yi ba. Duk abin da ya ba ka, buɗe Littafi Mai Tsarki ka gani da idonka.

Kwafo wa'azin wani daga intanet kuwa, wannan kam kada ka yi. Fasto a Amurka yana ba da misali da ƙanƙara da bashin gida, kai kuma a gabanka akwai gwauruwar da aka cinye mata gona, da matashin da ya gama karatu shekara huɗu ba aiki. Kai ka shiga gidajensu, ka sha ruwan randarsu, ka san abin da ke hana su barci.

Shi kuma dattijon, kada ka yi gardama da shi. Ka je gidansa da yamma ka gaishe shi, ka nuna masa yadda ake ƙara girman rubutu, domin yawancin iyayenmu idanu sun fara gajiya. In ka zo taron gunduma wata mai zuwa, ka taho da wayarka da caji, mu zauna in nuna maka yadda ake bin lambobin nan na Strong. A gaida iyali.