Toronto ko wani gari? Ga shawarata

Malam, ka ce kana shirin ƙaura zuwa Kanada da maiɗakinka da yara, kana tambaya ko Toronto za ku nufa tunda can kowa yake tururuwa. Ni dai a ganina, fara gano inda ake neman irin sana'arka, sannan ka zaɓi gari. Kafin wannan ma, tabbatar bizar da kake nema ta yarda ka tafi da iyali. Ingila, alal misali, ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi ɗauko iyalansu tun watan Maris na 2024.

A Kanada kowane lardi da nasa tsarin. Idan Manitoba ko Saskatchewan suka zaɓe ka ta Express Entry, wato tsarin Kanada na tantance masu neman zama na dindindin ta hanyar maki, ana ƙara maka maki 600, kusan gayyatar neman izinin zaman ta tabbata ke nan. Haya a can ba ta kai ta Toronto ko Vancouver tsada ba. Sai dai sanyin ba wasa ba ne: da safen Janairu a Winnipeg, babban birnin Manitoba, yara kan tsaya jiran motar makaranta numfashinsu na daskarewa a jikin mayafin wuya.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne lasisin aiki. Nas, likita ko malamin makaranta, lardin da ya sauka ne zai ba shi izini, kuma abin kan ɗauki watanni, wani lokacin har shekaru. Kafin nan da yawa aikin ɗaukar kaya a sito suke yi. To ka tanadi kuɗin da zai riƙe ku. Ita ma Hajiya a duba nata aikin. Lardin Quebec kuwa, in babu Faransanci a bakinku, ku bar shi tukuna.