Filin Saƙa: Ɗan Gyalen Wuya Irin na Matan Shetland

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na iya saƙa da tsinke biyu, hular jarirai da safa nake yi ina sayarwa. Kwanaki na ga hoton wani tsohon mayafi na ƙasar Turawa, fari fat, siriri kamar saƙar gizo-gizo, har an nuna ana zura shi ta cikin zobe. Sai na yi sha'awar yin ƙaramin irinsa na wuya, in ba Hajiyarmu kafin hunturu. Na ɗauko ulun da na saba aiki da shi na fara, amma abin ya fito a cukurkuɗe, ɓulolin ba sa fitowa, kuma duk sanda na ƙirga idanun da ke kan tsinke sai in tarar sun ƙaru ko sun ragu. Laifin zaren ne ko na hannuna? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yi miki albarka da kika tuna da Hajiya. Hannun da ya iya juya dundunniyar safa ba zai kasa wannan aiki ba, don haka ki kwantar da hankalinki. Matsalar tana wajen zaren da kuma wajen ƙirga, sai wani mataki na ƙarshe da ba ki kai gare shi ba tukuna.

Yadda kika siffanta mayafin, ya yi kama da aikin matan Shetland, wasu tsibirai da ke arewa da Sikotlan. Wanda ya fi suna a cikinsu wajen wannan saƙa shi ne Unst, tsibirin ƙarshe da mutane ke zaune a can arewacin Birtaniya. Tumakinsu ƙanana ne, kuma gashin da ya fi laushi yana wajen wuya. A al'adance da hannu ake tsige shi a lokacin da ya fara saki da kansa, a kaɗa shi ya zama zare mai sirantaka ƙwarai. Da shi suke saƙa mayafin da kowane gefensa ya kusa mita biyu, amma a ja shi ta cikin zoben aure ya wuce. Kasuwarsa ta buɗe a zamanin Sarauniya Biktoriya, an kuma baje shi a babban bikin baje kolin Landan na 1851. Abin da ke taɓa mini zuciya a tarihin nan shi ne yawancin matan ba kuɗi ake biyansu ba. 'Yan kasuwa kan karɓi aikin watanni su ba su ganyen shayi da kayan kanti, har sai da gwamnati ta yi bincike a kan wannan mu'amala a 1872. Mu da muke sayar da aikin hannu mun san zafin a raina wahalar mutum, shi ya sa nake ganin girman waɗannan mata.

Shawarata ita ce ki ɗauki zanensu, ki bar musu zarensu a yanzu. Wancan siririn zaren ko a hannun gwana sai an yi a hankali, in ido ɗaya ya suɓuce da wuya ki gan shi balle ki ceto shi. Ulun da kika saba da shi kuma ya yi kauri, ga shi yawancin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Ki nemi zaren auduga mai santsi, siriri, irin wanda ake yin kwarashi da shi, ko ulun jarirai mafi siranta da za ki samu. Ni audugar na fi so wa Hajiya, domin ba ta ƙaiƙayi a wuya kuma za ta iya yafa shi ko bayan sanyi ya wuce. Kamar mita 300 za ta ishe ki. Ki zaɓi launi mai haske, fari ko ruwan madara, saboda a baƙin zare ba a ganin ido da kyau. Tsinken kuwa ya fi wanda zaren ke nema kauri: milimita 3.5 ko 4. Wannan sakin shi ne ke ba ɓulolin wurin buɗewa. Wadda ta saba matse hannu a safa sai ta koya wa hannunta sassautawa a nan.

Zanen da zan ba ki tsoho ne a can, sunansa Old Shale, yana fitowa kamar igiyar ruwa, kuma a da matan Shetland da shi suke kewaye mayafan da suke sawa na yau da kullum. Ki ɗora ido 42 a kan tsinke, a sake. Uku na farko da uku na ƙarshe bakin gyale ne, saƙar gaba kawai za ki riƙa yi musu a kowane layi. Sauran 36 ɗin gida biyu ne, kowanne ido 18. Layi na ɗaya da na biyu da na huɗu duk saƙar gaba ce zalla. Aikin yana layi na uku. A kowane gida, ki haɗa ido biyu ki saƙa su a matsayin ɗaya, sau uku. Sannan ki naɗa zare a kan tsinke ki saƙa ido ɗaya, sau shida. Sai ki sake haɗa biyu-biyu sau uku. Ki maimaita layukan nan huɗu har tsawon ya kai kamar santimita 110, domin zai ƙara miƙewa daga baya.

Ki lura da lissafin: kin rage shida, kin ƙara shida, gida ya koma 18. Duk sanda ƙirgarki ta ragu, yawanci ɗayan biyu ne, ko kin manta naɗi ɗaya, ko kuma naɗin ya zame daga kan tsinke a layin da ke biye ba ki saƙa shi ba. Na biyun ya fi yawa, domin naɗin ba ya kama da cikakken ido, kwance yake a karkace, sai mutum ya ɗauka kuskure ne ya sake shi. Maganinsa ki ƙulla ɗan zobe da zare mai wani launi ki rataya a kan tsinke a farkon kowane gida da ƙarshensa. Da kin gama layi na uku ki ƙirga tsakanin zobe da zobe, in ba 18 ba ne kin san gidan da za ki duba. Akwai kuma dabarar da nake so kowace mai koyo ta riƙe: bayan kowane layi 20, ki sa farin zaren ɗinki a allura ki zura shi ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, ki bar shi yana reto. In aiki ya ɓaci, sai ki zare tsinke ki warware, warwarar za ta tsaya cak a kan wannan zaren, ki kwashe idanunki ki ci gaba.

Yanzu ga maganar cukurkuɗewa. Haka wannan saƙa take fitowa a hannun kowa, har gwanayen Unst. Su kan wanke mayafin su ɗaure shi a kan firam na katako ya bushe a miƙe, a nan ne zanen ke bayyana. Ke ma in kin rufe bakin, da tsinke mai ɗan kauri don kada ya tsuke, ki jiƙa gyalen a ruwa mai ɗan ɗumi na minti 20. Kada ki murɗe shi, ki naɗe shi a tawul ki danna. Ki shimfiɗa shi a kan katifa, ki ja shi a hankali, ki kafa fil a kan kowane tudun igiyar da kuma gefe da gefe, fil ɗin da ba ya tsatsa. Ki bar shi a inuwa har ya bushe sarai. In ulun roba kika yi amfani da shi, ruwa kaɗai ba zai sa ya zauna ba, sai kin ba shi tururin dutsen guga daga nesa. Kada dutsen ya taɓa shi, narkewa zai yi.

Kafin ki fara na Hajiya, ki saƙa gida ɗaya tak mai tsawon tafin hannu, ki wanke ki miƙe shi ki gani. In ɓulolin sun yi ƙanana ki ƙara kaurin tsinke, in ya yi lakwam ki rage.

TAMBAYA: Anti, ni kwarashi kaɗai na iya. Zan iya fitar da irin wannan zane da shi? Daga Maraɗi.

AMSA: Za ki iya yin igiyar ruwa mai ɓula da kwarashi, amma zai fi kauri, ba kuma zai zubo a wuya kamar na tsinke ba. In tsohon aiki kike son koyi da shi, ki duba kwarashin matan Ailan, wanda ya yaɗu lokacin babbar yunwar da ta faɗa musu daga 1845, mata suka riƙa ciyar da gidajensu da shi. Furanni da ganyaye ake saƙawa ɗai-ɗai da siririn zaren auduga, a jera su a kan ƙyalle, sannan a haɗe su da raga. Don ɗan gyalen wuya, ki yi ragar a tsakiya ki sa furannin a baki biyu.